Yadda Manoman Ƙasar Jega Suka Zauna da Fari

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato ya nufi Yawuri cikin watan Maris, in ya wuce Tambuwal ya shiga ƙasar Aliero, ba abin da zai gani dama da hagu sai farar ƙasa da kututturan kara, da awaki suna tsintar busasshen ganye. Amma in ya gangara kwari sai ya tarar da fangulan albasa kore shar, mutane sun duƙufa suna ban ruwa tun da asuba. Da rani fadama takan tsaya a tsakiyar ƙeƙasasshiyar ƙasa kamar tsibiri, mutane da dabbobi duk su taru a kanta har ruwa ya sauka.

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce ta Jega da Aliero da Maiyama, da ƙauyukansu irin su Jiga Birni ta ƙasar Aliero. Duka suna cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991. Aliero tana arewa maso gabas da Jega, Maiyama kuwa tana kudu. Gulbin Zamfara, wanda ake kira Gulbin Gindi a wannan yanki, ya taso daga gabas ya biyo ta Gummi ya wuce ta Jega, sa'an nan ya je ya haɗu da Gulbin Kabi, su zuba cikin Kwara tare.

Ruwan saman da ƙasar ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 800, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Wata shida ko bakwai ba a ganin ko ɗigo. Ko cikin wata huɗun nan ma ba shi da alkawari. Wata shekara ya yi latti, wata ya sauka da wuri ya ɗauke kwana ashirin shuka ta ƙone, wata kuma ya yi yawa gulbi ya cinye shinkafa. Duk da haka mutane sun zauna a nan ɗaruruwan shekaru, sun haifu, sun gina garuruwa. Abin da ya zaunar da su shi ne manomin dā ba ya ɗora abincin iyalinsa a kan gona ɗaya, ko iri ɗaya, ko damina ɗaya.

KAFUWAR JEGA DA KASUWARTA

Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi cikin ƙarni na 16 ya zauna a Surame, arzikin wannan yanki a bakin gulbi yake, watau shinkafa da kifi da makiyayar rani. Kafin jihadi wani malami Ba'are, Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi ƙaura da jama'arsa ya zauna a Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka faɗa wa Gimbana suka kama mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu cikin Fabrairu, 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a farkon 1818. Ɗansa Buhari shi ne ya kafa Jega wajen 1820, ƙarƙashin Gwandu. Har yau mai riƙe da garin Sarkin Kabin Jega ake ce masa.

Wurin da aka kafa garin yana da tudu na gero da dawa, yana da fadama ta shinkafa da lambu, ga kuma mashigin gulbi inda hanyoyin fatake suka haɗu. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Nufawa da Yarabawa da fataken goro na Gwanja duk suna sauka a cikinta, ana cinikin tufafi da gishiri da dabbobi da hatsi. Kasuwar nan tana cikin abubuwan da suka kare talaka daga yunwa, domin in damina ta ƙi a wata gunduma, jakuna sukan kawo hatsi daga wadda ta yi kyau, wanda ba shi da dami kuwa ya sayar da akuya ko tabarma ko albasa ya auna.

GONAR TUDU

Aikin tudu tun da bazara ake fara shi. Akan yi sassabe, a tara kara da ƙaya a ƙona, a kai taki a mangala bisa jaki a zuba tsibi tsibi. Lokacin shuka kuwa da lissafin taurari ake kirdadonsa. Malamai sun raba shekara tauraro 28, kowanne kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai daga ciki na damina ne, watau Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, kwana 92 ke nan. Amfanin wannan lissafi shi ne watannin Musulunci suna zagayawa, azumi ya faɗo da ɗari wata shekara ya faɗo da damina, amma taurari suna tafiya daidai da lokutan shekara. Saboda haka in ruwa ya sauka da wuri, dattijo yakan tambayi malami tauraron da ake ciki, ya san ko damina ce ta kama ko kuwa ruwan yaudara ne.

Waɗansu ba sa jiran ruwa, sai su yi binne, watau su shuka gero a busasshiyar ƙasa. In ruwan farko ya yi ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya tsiro tun maƙwabta suna neman sungumi. In yayyafi aka yi ya ɗauke, iri ya ruɓe, sai ya sāke. Hasarar ba ta da yawa, domin ƙwayar gero ƙanana ce, 'yan mudu kaɗan sun isa gona. Shi ya sa mai hankali yakan binne rabin gona ya bar rabi sai ƙasa ta jiƙa. Wajen shukar kuwa namiji yana gaba yana sara da sungumi, mata da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige.

Manomin dā ya san ƙasa iri iri. Jigawa tana shan ruwa kaɗan ta nomu, kuma tana ɓoye laima a ƙarƙashi, ita ce ta gero da wake da gyaɗa. Laka sai an yi ruwa mai yawa take laushi, amma in ta sha ba ta saurin saki, ita ce ta dawa. Faƙo kuwa ruwa gudu yake yi a kansa. Don haka gida guda yakan kasance da gona gabas da gari, wata yamma, wata a bakin kwari. Hadari yakan zuba a gefe ɗaya na gari ya tsallake ɗaya gefen, wanda gonakinsa ke warwatse da wuya ya rasa duka.

A cikin gona guda ma ba iri ɗaya ake zubawa ba. Gero yakan nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, a yanke shi a ƙarshen Agusta ko Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maiwa da dawa suna tsaye har kaka ta yi nisa. Wake ana soka shi tsakanin kunyoyi bayan gero ya tashi, ya yaɗu ya rufe ƙasa, ya ba da abinci ya ba da harawa. In damina ta gajarta gero ya tsira, in ta yi tsawo dawa da maiwa su cika rumbu. Da kaka kuma maigida yakan zaga ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ba mai taɓa ta ko ana yunwa, domin ita ce irin baɗi. Ta haka kowace karkara ta sami irin da ya saba da ƙasarta.

Ƙarfin ƙasa kuwa hanya uku ake riƙe shi. Ta farko saura, watau a bar gonar da ta gaji ta huta 'yan shekaru. Ta biyu shanun Fulani. Bayan girbi manomi yakan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su kwana su zuba kashi, shi kuma ya ba shi dami. Ta uku itatuwa, musamman gawo. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi ganye ya ba da 'ya'ya dabbobi su ci a gindinsa. Kowa ya duba zai ga geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri.

GONAR FADAMA

Fadama sau biyu take ciyarwa a shekara. Da farkon damina, kafin gulbi ya kawo, akan watsa shinkafar gargajiya mai jan baya. Wannan shinkafa asalinta na Afirka ta Yamma ne, an fara nomanta a fadamun Kwara na ƙasar Mali shekaru dubbai da suka wuce. Waɗansu irinta suna da wata baiwa, ruwa yana hawa suna ƙara tsawo, kansu yana bisa ruwa, har ambaliya ta janye a yanke su. Ruwan da ke cika fadamar Jega daga ƙasar Zamfara yake fitowa, saboda haka yakan yiwu damina ta ƙi a tudun Aliero ko Maiyama amma fadama ta sha.

Sa'ad da ruwa ya janye sai a bi laimar da ya bari da dankali da rogo da rake da taba. In laima ta yi ƙasa sai aikin lambu ya kama. Akan haƙa gajeriyar rijiya a cikin kwari, a kafa jigo a bakinta. Jigo kuwa gwafanni biyu ne da aka gitta wa sanda, aka ɗaura dogon itace a kai, aka manna curin laka a gindinsa, aka rataya guga a ɗaya bakin. Mai ban ruwa yakan ja guga ƙasa ta cika, nauyin lakar ya ɗago ta, ya juye a 'yar hanyar ruwa. Yaro yana can ciki da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma abin da mutum ɗaya ke iya shayarwa kaɗan ne, amma ba ya bukatar komai daga kasuwa sai igiya.

Albasa ta daɗe a ƙasar Gwandu. Bature mai yawon duniya Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, kuma a littafinsa ya ambaci kyan albasar garin da ayabar da ake nomawa a kwarinsa. Daga baya Aliero ce ta yi suna da ita. Akan yi renon iri da kaka, a dasa da sanyi, a cire kafin zafin bazara ya tsananta. Da yake lokacin cira kowa yana da ita, ba ta da daraja, sai manoma suka ƙirƙiro rudu. Akan kafa shi da itace sama da ƙasa, a shimfiɗa kara, a jibge albasa, a rufe da bunu, iska tana ratsawa. Wani kashi yakan ruɓe, amma abin da ya kai tsakiyar damina ko bayanta yakan biya hasarar. Kuɗin albasa shi ke biyan haraji da aure da suna, hatsi ya zauna a rumbu ba a taɓa shi ba.

RUMBU DA CIN RANI

Noma rabin aiki ne, ajiya ce sauran rabin. Rumbu da rufewa akan ɗora su bisa duwatsu don gudun gara da laima. Hatsi kuma ba a sussuke shi, da zangarniyarsa ake jera shi dami dami, domin ta haka ya fi jure ƙwari, gero yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba. A gidan da ake gandu, uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowa kuma yana da gayaunarsa. Rumbun gandu a hannun maigida yake. Da yawa sukan liƙe shi bayan kaka, a ci na gayauna da abin da sana'ar rani ta kawo, ba za a buɗe babban ba sai an koma gona. Dalilin a fili yake, da ruwan ciki akan ja na rijiya, wanda ya cinye hatsinsa da rani ba shi da ƙarfin riƙe hauya da damina, sai ya tafi ƙodago a gonar wani tasa ta cika da haki.

Shari'a ma ta shiga cikin tsarin. Hatsin da ruwan sama ya shayar ushirinsa ake fitarwa zakka in ya kai nisabi, wanda aka shayar da wahalar jigo kamar alkama kuwa rabin ushiri. Wannan hatsi yana komawa hannun gajiyayyu da marayu na garin. Ga kuma gayya, wadda ake yi wa wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar damina, da rancen dami tsakanin dangi da surukai.

Sa'an nan akwai cin rani. Da zarar an gama kai amfani gida, samari da magidanta matasa sukan ɗauki sanda da buta su nufi kudu, waɗansu Yawuri da ƙasar Nufe, waɗansu Ibadan da Ikko, waɗansu har Kumasi. Sukan yi dako ko ga-ruwa ko su ko karatu, su dawo da goshin damina da kuɗi da tufafi. Ribar ta biyu ita ce duk wata biyar ɗin nan ba su ci daga rumbun gida ba. Da ranin 1952 zuwa 1953 an sa ma'aikata a mashigai da hanyoyi suka ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa a lokacin, aka sami fiye da mutum 200,000.

In abin ya wuce haka sai a koma daji. Tsofaffi sun san tafasa da yaɗiya da rama da zogale, sun san aduwa da goriba da muruci, da bado na cikin tafki. Sun san anza, wadda sai an jiƙa 'ya'yanta kwanaki ana sāke ruwa kafin ɗacinta ya fita ta ciwu. Har ƙarangiya akan sussuka a dafa ƙwayarta. Wannan sani mata ne suka fi riƙe shi, kuma shi ya raya gidaje da yawa tsakanin ƙarewar rumbu da nunar gero.

SHEKARUN YUNWA

Tsarin nan an gwada shi sau da yawa. Wajen 1890 annobar shanu da aka kira Sannu ta ratsa ƙasashen nan ta kashe mafi yawan garkuna, taki da nono suka yi wuya. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, bayan 'yan shekaru haraji ya koma na kuɗi tsaba, kuma da kaka ake karɓarsa, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Talaka ya zama tilas ya sayar da dami da yawa don ya sami 'yan sulalla. Da damina ta ƙi a 1913, rumbuna da yawa ba su da tsohon hatsi, aka yi yunwar da ta fi kowace tsanani a 1914, wadda a ƙasar Hausa ake kira Kakalaba.

Bayanta aka yi 'Yar Buhu a 1927. A 1931 fara da fari suka haɗu suka yi ɓarna mai yawa a ƙasar Zabarma, maƙwabciyar Kabi ta yamma, har Faransawa suka tilasta wa kowane gari ya gina rumbunan ajiya. A ɓangaren Ingilishi kuma hukuma ta riƙa matsa wa mutane su shuka rogo, domin abincinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, fara ba ta kai gare shi. A 1942 zuwa 1943 aka yi 'Yar Gusau, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma tana tara hatsi da leburori don haƙar kuza a Jos. Sai babban farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, wanda Hausawan Nijar suka sa wa suna El-Buhari domin ya zo daidai da rufe iyaka.

In aka jera waɗannan shekaru za a ga cewa ƙarancin ruwa shi kaɗai bai cika kashe mutane ba. Yunwa takan yi kisa ne in fari ya tarar an riga an karya wata ƙafa ta tsarin, ko rumbu ya tafi wajen haraji, ko majiya ƙarfi ba sa gida, ko hanyar kasuwa ta toshe. Garuruwan da ke da fadama kuwa su ne mafakar na tudu, can ake gangarawa a yi ƙodagon ban ruwa ko yankan shinkafa a samo mudu.

MUTANEN TSIBIRAN TEKU

Don a gane darajar waɗannan ƙofofi na tsira, ya kyautu a dubi mutanen da Allah ya zaunar a busassun tsibirai na teku, inda ba gulbi mai kawo ruwa daga nesa, ba kuma hanyar da mutum zai taka ya tafi cin rani. Tsibiran Kep Berde suna cikin Tekun Atlantika, kusan kilomita 600 yamma da Dakar. Ba kowa a cikinsu sai da mutanen Fotugal suka zo wajen 1460 suka kawo bayi. Abincin da aka dogara a kansa masara ce da wake, ga shi kuwa masara ta fi gero son ruwa nesa ba kusa ba. Duk sa'ad da damina ta ƙi shekara biyu ko uku a jere sai mutuwa. Yunwar 1830 zuwa 1833 ta kashe kimanin mutum 30,000, biyu da aka yi cikin shekarun 1940 kuma suka kashe kimanin 45,000. Bayan samun mulkin kai a 1975 suka duƙufa jera duwatsu a jikin tsaunuka da tare kwaruruka da dashen itatuwa, don ruwan da ya zuba ya nutse kafin ya gudu teku.

Tsibirin Lanzarote kuwa yana cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, daura da kudancin Maroko. Ruwan da yake samu a shekara bai kai milimita 200 ba, watau bai kai rubu'in na Jega ba. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsu suka yi ta aman wuta, baƙar toka mai tsakuwa ta binne gonaki. Da manoma suka dawo sai suka lura cewa ƙasar da ke ƙarƙashin tokar ba ta bushewa. Suka riƙa haƙa rami mai faɗin baki har su kai tsohuwar ƙasa, su dasa inabi ko ɓaure a ciki, su jera 'yar katangar dutse kamar jinjirin wata ta gefen da iska ke bugowa. Daga baya suka riƙa ɗebo tokar suna shimfiɗawa a waɗansu gonaki, har suka yi suna da noman albasa ba tare da ban ruwa ba.

Irin wannan dabara akwai ta kusa da gida. A Illela ta ƙasar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, tun daga ƙarshen shekarun 1980 manoma suka rayar da faƙon da aka fid da rai gare shi ta hanyar tassa. Akan haƙa 'yan ramuka da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya taru ya nutse, a shuka gero a ciki. A ƙasar Maraɗi kuma daga 1983 aka yaɗa sassaben zamani, watau a daina tumɓuke tohon kututture, a zaɓi reshe biyu ko uku a bar su su zama itace. Duk waɗannan ba sa bukatar kuɗi, kuma akwai faƙon da zai karɓe su a tudun Aliero da Maiyama.

ZAMANIN INJI

A cikin Jihar Kebbi ma akwai mutanen tsibiri, su ne Gungawan Yawuri, waɗanda suka shahara da noman albasa a gungunan Kwara, suna ɗibar ruwa da ƙwarya. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shafe gungunan da yawa, aka tashi kimanin mutum 44,000 daga yankin aka kai su sababbin garuruwa. Madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita kuma ta rage ambaliyar da shinkafar fadamun ƙasa da ita ke sha. Waɗannan ayyuka sun kawo wuta da ruwan noma, amma sun nuna cewa abin da aka gada kaka da kakanni yana iya gushewa cikin shekara guda in aka taɓa ruwan da ya dogara a kansa.

A fadamun Jega da Aliero da Maiyama babban canji ya zo ne cikin shekarun 1980, sa'ad da ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur da rijiyar burtsatse suka shigo. Shirin Fadama na ƙasa, wanda aka fara a 1993 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara yaɗa su. Abin da mai jigo ke shayarwa yini guda, inji yakan gama shi kafin hantsi. Lambuna suka faɗaɗa, manyan motoci suka riƙa lodin albasa daga Aliero zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, samari da yawa suka sami aikin rani a gida. Ran 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, shinkafar rani ta cika fadamu. Ba mai musun alherin da aka samu.

Amma fa sabon noman yana da nasa farin. A daminar 2020 ambaliya ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi, waɗanda suka ci bashi suka zuba komai a fadama suka tashi hannu wofi. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka, har waɗansu suka rage fangula, waɗansu suka koma injin gas ko mai aiki da hasken rana. Albasa kuma farashinta hawa da sauka yake, ba a tuƙa tuwo da ita. Manomin da ya bar gonar geronsa ta koma saura, ya sare gawonsa ya sayar da itace, yana auna hatsi a kasuwa da kuɗin albasa, ya koma tsayawa da ƙafa ɗaya, irin tsayuwar da ta kā da mutane a 1914.

Saboda haka wanda ya sami inji ya gode wa Allah ya yi aiki da shi, amma ya riƙe gonar tudu, ya ajiye irin garinsu, ya bar gawo a tsaye, kada ya buɗe babban rumbu sai an koma gona. Wanda kuma ya iya karatu da rubutu yana da wani aiki da kakanninsa ba su sami yi ba. Ya zauna da tsofaffin unguwarsu, maza da mata, ya rubuta sunayen irin gero da dawa da shinkafa na ƙasarsu, da kwanakin da kowanne ke yi, da ganyayen da aka ci a shekarun yunwa da yadda ake gyara su, ya kuma rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da ya ɗauke kowace shekara. Littafin makaranta guda ya isa wannan aiki, kuma 'ya'yansa za su neme shi ranar da damina ta ƙi.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyashe bayinsa daga fari da fara da ambaliya, amin.